Jitar Ƙarfe Mai Tsirkiya Huɗu

Shekara biyu ina yanke wa wata tsohuwa ciyawa a garin Pleasant Garden duk Asabar. Baturiya ce, mijinta ya rasu, Mama nake ce mata. Da za ta koma wurin 'yarta, sai ta sa na jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado. Jita ce a ciki, amma jikinta duk ƙarfe, tsirkiyarta huɗu kacal. Ta surukinta ce. Tana so ta bar wa jikanta, sai dai ba wanda ya san wace iri ce, ko yaushe aka ƙera ta. Ta roƙe ni in kai wa wani mai gyaran kayan kiɗa a Elm Street, tunda ita ta daina tuƙi.

Na kawo ta gida. Ƙarfen ya dafe kamar gindin tukunya. A gidanmu ba a mayar da kayan mutane da datti, ko da kwanon da aka aiko da abinci ne. Na ɗebo toka a murhun gashin nama, na yanka lemun tsami, na zauna da tsumma. Ta baya na fara. Wuri kamar tafin hannu ya fito fes.

Matata ta leƙo. "Malam, me kake yi wa kayan mutane?"

"Wanki."

"Tukunyar tuwo ce? Mutanen nan da tsufansa suke son tsohon abu. Allah ya sa ba ɓarna ka yi ba."

Na ajiye tsumman. Amanar da tsohuwa ta ba ni ke nan. Ranar Lahadi sau uku ina buɗe akwatin ina duba wurin.

Litinin na je shagon. Mai gyaran dattijo ne, na faɗa masa abin da na yi tun kafin ya gani. Ya juya jitar, ya duba wurin. Ya ce iri biyu aka yi a wancan zamani. Wasu baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti; idan irinsu ce, to fentin asali na kankare, kuma ba ya dawowa. Wasu kuwa tagulla ce da aka lulluɓe da farin ƙarfe.

Ya ɗauko ɗan maganaɗisu. "Idan ya manne, abokina, ka yi ɓarna."

Ya ɗora. Abin ya zame ya faɗo tafinsa. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa.

"Tagulla ce. Datti ka cire. Amma ka tsaya haka, toka tana cin lulluɓin."

Na nemi kujera na zauna.

Na tambaya ko tsirkiya biyu sun ɓace ne, tunda shida na san jita da su. Ya ce in ƙirga maɗauran da ke kanta. Huɗu ne, haka aka yi ta, don makaɗan banjo, wani abin kiɗa mai kama da molo. A can saman kanta akwai lamba da aka buga a jikin katako. Idonsa ya yi rauni, sai ya miƙo mini gilashin ƙara girman rubutu. A hankali na karanta masa, harafi ɗaya da lambobi, kamar yadda muke yi a ajin koyon Turanci da nake zuwa da yamma. Ya duba littafinsa, ya ce kafin yaƙin duniya na biyu aka ƙera ta.

Da na mayar, wurin da na goge na fara nuna wa Mama, na ba ta haƙuri. Ta sa tabarau, ta shafa shi da babban yatsa.

"Ashe haka launinta yake," in ji ta. "Ban taɓa gani ba. Zauna in kawo maka shayi."