Baffa Kakkaɓe da Tifar Yashi

Ko'ina a duniya, mai shiga gida ne ke kakkaɓe takalmi. Ban da gidan Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina, a unguwar Hashimi da ke Suleja. Ko da laka har gwiwa ka zo, maraba zai yi maka. Fitar ce aiki. Yana zaune a zaure, da ka doshi ƙofa sai ka ji: "Kai, dakata! Kakkaɓe mini ƙasata!" Liman ya kakkaɓe. 'Yan wuta da suka zo yanke mana waya sun kakkaɓe. Ni kuwa da na tashi a hannunsa bayan rasuwar mahaifina, takalmana duk a bakin ƙofar nan suka mutu.

Ku da kuka san shi kun san asalin ciwon. Da ƙuruciya ya yi wa masu binciken duwatsu direba, ya kai su Jos, ya kai su Mambila, ya dawo da magana guda da ya hana mu sakat da ita.

Wata rana ni da shi muna dawowa daga Abuja a motar haya, Dutsen Zuma ya bayyana, sai wata mata ta ce, "Ikon Allah! Dubi yadda ya tsiro."

Na runtse ido. An taɓo shi.

"Hajiya, ba tsirowa ya yi ba," in ji Baffa. "Can ƙarƙashin ƙasa ya narke kamar talge, ya huce, ya daskare. Da a binne yake har ka. Ruwan sama ne ya yi ta wanke mai taushin, damina bayan damina, yana kaiwa kwari yana shimfiɗawa, filayen noman da kike gani ke nan. Shi mai taurin kan aka bar shi tsirara."

"To, Malam."

"Ba 'to' ba ne! Aikin bai ƙare ba. Jan ruwan nan da ke bin kwata in an yi ruwa, Suleja ce ke tafiya!"

Direba ya ce, "Baba, in tafiya take, a ina zan sauke ka?"

"Taka mota dai, ko ma tarar da saura."

A gida ma haka. In matarsa Inna Asabe ta share tsakar gida, sai ya bi sharar da rariya, ya tankaɗe, ya mayar da ƙasar inda take. Inna ta ce, "Tun ina amarya ƙasa ɗaya nake sharewa. Har mun saba, ina gane ta."

Duk wannan na jure, sai da maganar aurena ta taso. Hauwa nake nema, 'yar unguwar Bagama, kuma mahaifinta Alhaji Bala tifofin yashi gare shi, yana kai wa maginan Abuja. Da Baffa ya tambayi sana'arsa na ce, "Harkar sufuri." Allah ya yafe mini, ba ƙarya ba ce, amma 'yar'uwarta ce ciki ɗaya.

Ranar neman aure na kai shi a babur, na laɓe a waje tunda ango ba ya shiga. Ga tifa maƙare a ƙofar gida! Baffa ya ɗebi yashin, ya murza, ya harare ni, ya shige. Ta ƙofar zaure nake jiyo su.

"Alhaji, wannan ina za shi?"

"Abuja, Malam."

"Wato abin da ruwa ya rage, kai ke ƙarasawa. Shi ruwa ba shi da hankali. Kai fa?"

Wallahi haka ya fito da goronmu a hannu.

Da yamma Hauwa ta kira ni. "In Baffanka ƙasa yake so, ya aura maka ita. Baba ya ce ba kai kaɗai ke sallama da ni ba."

Na daina gaishe da Baffa. In zan fita har jan ƙafa nake da gangan, in kwashi ƙasa in wuce, yana kira ina ƙara sauri. Mutumin da ya ciyar da ni, ya kai ni makaranta! Ba na alfahari da wannan, amma ku ma da kun yi.

Inna Asabe ce ta gaji, ta yafa mayafi ta tafi wurin mahaifiyar Hauwa. Abin da suka ƙulla ban sani ba. Washegari da hantsi dai muka ji ƙugi, kafin mu fito tifa ta juye yashi, ta toshe mana ƙofa.

Direban ya leƙo ya ce, "Alhaji na gaisuwa. Ya ce ga Suleja an dawo maka da ita."

Baffa ya haye tulin da ƙyar, ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ashe mutumin kirki ne. Ya fara tuba. Ina goron nan?"

To wa kuke zaton ya kwashe yashin zuwa cikin gida? Ango! Da baro, har bayana ya ƙage. Kuma duk fitowar da zan yi ɗebo wani, yana zaune a zaure: "Kakkaɓe!"

"Baffa, yanzu fa zan dawo!"

"Haka ruwa ma yake cewa."

Aka ɗaura aure. Yau 'ya'yanmu ke wasa a kan yashin nan.

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa, na zo fita daga maƙabarta sai na tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa, takalmi a hannu, ina bugawa. Ba wanda ya ce in yi. Na waiga, sai ga liman yana buga nasa. Bayansa ga surukina Alhaji Bala, a sunkuye, yana kankare ƙasar dunduniyar takalminsa da tsinke. Ya ɗago, ido jajur, ya ce, "Kada mu rage masa."

Allah ya jiƙan Baffa Ɗanjuma, ya yafe masa, ya yafe mana rashin haƙurinmu da shi. Ƙasar da ya tsare duk rayuwarsa, Allah ya sa ta riƙe shi da taushi. Amin.