Wanda Zai Mutu a Shafi na Biyu

Kawuna tsohon soja ne, kamar yawancin tsofaffin unguwarmu a Zuru, kuma in ka bi ta bakinsa, shi kaɗai ya yi yaƙin basasa, sauran 'yan rakiya ne. Kullum da la'asar yana kan bencin wani mai sayar da kayan babur, mutumin gabas, wanda ya yi yaƙin a ɗaya ɓangaren. Dara suke yi suna zagin juna, 'yan kabu-kabu na shan kallo kyauta.

Lokacin ina koyarwa a Dirin Daji, wayar hannu ba ta daɗe da shigo mana ba. Matasan cocinmu suka tashi buga 'yar mujalla, suka ba ni shafi biyu in rubuta gajeren labari. Tsautsayi ya sa na faɗa wa Kawu abin da zan rubuta: soja da ɗan tawaye sun yi kiciɓis a gonar rogo, ɗaya ya mutu. Kafin in dawo hutun ƙarshen mako, tsofaffin nan sun raba matsayi ba da sanina ba: Kawu ne sojan, mai shago ɗan tawayen. Saura gawa.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, shi za ki kashe. Dubi ƙafafunshi, wannan ko agwagwa ba ya tsere ma."

Mai shago ya ce, "Malama, kar ki ji shi. Wannan kawu naki, in bindiga ya yi ƙara, shi ne farko a rami."

Sai toshi ya fara zuwa. Kawu ya aiko da zabuwa, mai shago ya sa wa babur ɗin maigidana sabuwar taya. Na ci zabuwa, na hau taya, na ce to a bar kowa da ransa. Nan ne kawai bakinsu ya zo ɗaya: yaƙi ba gawa, wa zai karanta?

Da na gaji sai na kashe mai shago, tunda naka sai naka. Na zauna tsakaninsu na karanta. Kawu har da tafi, mai shago na ihun an yi maguɗi. Na iso inda ɗan tawayen ke kwance cikin rogo yana tuna uwarsa, wadda kullum take rufe masa abinci ko zai dawo. Mai shago ya tashi yana gyara kwalayen da ba su karkace ba, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Mamana kwano huɗu take rufewa. Ni kaɗai na zo na ci."

Tausayinsa ya kama ni, na kasa ƙarasa karatun. Kawu ya dafa takardar.

"Goge, ɗiyata. Ni za ki kashe. Gidansu an riga an ba da uku, a bar ma tsohuwa guda."