Malama Winifred da Keken Lantarki

A Dogarawa aka haifi Winifred Sati, amma a shagon babanta da ke Sabon Gari ta girma. Baba Sati gyaran fanka da injin ban ruwa yake yi, ya warware ƙonanniyar waya ya naɗa sabuwa. 'Ya'yansa huɗu duk mata ne. Uku sun guji shagon saboda ƙauri, ita kuwa tun tana firamare take kan benci tana ƙirga zagayen wayar tagulla. Masu kawo gyara sukan ce, "Sati, 'ya mace da wannan aiki?" Shi dai ya ce, "Ku duba naɗin, in da kuskure ku faɗa." Ba a taɓa samun mai faɗa ba.

Ta karanci fiziks a Samaru, aka ɗauke ta koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke nan kusa. Makarantar na da ɗakin gwaje-gwaje, amma kullum a kulle, makulli na aljihun mataimakin shugaba, Mista Raphael, wai kada yara su lalata kaya. Shekara bakwai Winifred tana zana janareta a allo da alli.

Wata Talata ta zo kan darasin samar da lantarki. Ta tambayi aji inda ake samo wuta, suka amsa baki ɗaya: Kainji, Shiroro, iskar gas, hasken rana. Ta ce, "Madalla. To ta yaya ruwan Shiroro ke zama haske a ɗakinku?" Can sai Ilham, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajin, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina jin ruwan ne ke bin cikin waya."

Ba wadda ta yi dariya, don duk haka suke zato. Winifred ta ajiye alli, ranta a ɓace, kuma ba da yaran take fushi ba.

Ranar Asabar ta shiga kasuwar Sabon Gari. Nwankwo mai sayar da tsofaffin kayan rediyo, abokin babanta, ya ciro mata maganaɗisu daga matattun sifikokin rediyo. Ta ɗauko tsohon keken Baba Sati, ta kafe shi kan katako, ta jera maganaɗisun a jikin ƙafar baya, ta naɗa waya yadda ta saba, ta haɗa da ƙwan lantarki. Tsohon, da idonsa ya fara rauni, ya shafa naɗin da yatsa ya ce, "Ƙara zagaye hamsin, 'yar nan." Ta ƙara.

Ranar Litinin ta kai keken aji, Ilham ce ta fara hawa. Ta taka feda, ƙwan lantarkin ya yi ja, ta ƙara ƙarfi, ya haske. Aji ya kaure da ihu. Winifred ta ce, "Abin da ƙafarki ke yi, shi ruwa ke yi a Shiroro. Juya inji kawai yake yi. Tsaya ki gani." Ta tsaya, haske ya mutu.

Ihun ne ya jawo Mista Raphael. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malama, nan makaranta ce ko gareji?"

"Ranka ya daɗe, darasin na cikin manhaja."

"Manhaja ta ce ki ɗora 'ya'yan mutane kan keke? In wuta ta ja wata fa?"

"Wutar nan ba ta fi ta tocila ba. Bismillah, zo ka taɓa."

Bai taɓa ba. Ya ce kafin a tashi a fitar da tarkacen nan daga aji. Ta ce to. Washegari sai ga keken a gindin dogon yaro, dab da tagar ofishinsa. Ai daga aji ya ce, bai ce daga makaranta ba. Lokacin hutun tara 'yan wasu azuzuwa suka yi layi, har malamar lissafi ta tattare zani ta hau.

Aka ba ta takardar tuhuma. Ta amsa da layi biyu: a buɗe ɗakin gwaje-gwaje yau, gobe ta mayar da keken gida. Abokan aiki suka yi ta ba ta baki, su ce ta je ta ba da haƙuri, magana ta wuce. Ta ce, "Haƙurin me? Na zagi wani ne? Yarinya ta ga wuta da idonta, shi ne laifina, kuma gobe ma zan sake."

Ƙarshen zango aka sauya mata wurin aiki, zuwa wata ƙaramar makaranta can bayan ƙauyen Jama'a, wadda ko wayar lantarki ba a ja mata ba. Ta yi kuka a gida, ba ta ɓoye wa kowa ba, don tana son 'yan matan nan kuma saura wata huɗu su rubuta jarrabawa. Ta bar musu keken a hannun malamar lissafi, ta ce wanda zai ɗauke shi ya ɗauke a gabansu. Har suka gama ba wanda ya yi.

A sabuwar makarantar ta tarar da yara sittin a aji ɗaya, yawancinsu 'ya'yan manoma. Mako na biyu aka gan ta a gidan Inna Kaltume, mai shanu uku a bayan makarantar, riƙe da bokiti.

Inna Kaltume ta ce, "Kashin shanu kuma, Malama? Gona gare ki?"

"A'a, Inna. A ganga zan zuba, in rufe, ya fitar da iskar gas, yara su dafa shayi da ita."

"Hedimasta ya sani?"

Winifred ta naɗe hannun riga ta sunkuya. Ta ce, "Zai ji wari, sai ya zo ya tambaya."