Tukunyar Maman Soja

Akwai ranakun da na manta har da abin da na ci a cikinsu, amma ranar da aka cika shekara da kashe shugaban ƙasa tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

A lokacin ina zaune a wani layi a Anguwan Rogo, cikin Jos. Mijina ya riga ya rasu, ina sana'ar tuwo, kuma duk wani girkin taro na layinmu a hannuna yake, ko suna ne, ko biki, ko sadakar mamaci. Ban yi karatu mai zurfi ba, daga allo sai ajin yaƙi da jahilci, amma aikina yana da tsari. Na farko tukunya, na biyu itace, na uku ruwa, sannan wuta. Ba na yarda a kawo na baya gaba. Matan layi suna cewa na fiye tsanani. Ban taɓa musa musu ba.

Tukunyar da nake nufi ba tawa ba ce. Ta wata dattijuwa ce Kirista, 'yar asalin ƙauyukan da ke bayan duwatsun Jos, wadda ta zauna a ƙarshen layinmu tun tana amarya. Mijinta kuku ne a gidan Turawan haƙar kuza, shi ya bar mata wannan ƙatuwar tukunya ta baƙin ƙarfe, wadda sai maza biyu suke iya ɗaga ta. Tumatir da dankalin Turawa take sayarwa a ƙofar gida. Ɗanta ɗaya ne, ya shiga soja, shi ya sa kowa yake kiranta Maman Soja. Ba ta taɓa hana aron tukunyar nan ba, mu kuma muna da ƙa'ida: tukunyar aro ba ta komawa wayam. Dole a bar abinci a gindinta, kuma matan da suka yi girkin su raka ta har gida su yi godiya.

Sai aka wayi gari wata Juma'a rediyo ya kawo mummunan labari, an kashe shugaban ƙasa. Na ga manyan maza suna kuka a bakin titi, 'yan kasuwar Katako sun rufe rumfuna ba wanda ya ce su rufe. Ba a daɗe ba aka ji cewa ɗan Maman Soja yana cikin ƙananan sojojin da aka kama kan kisan, daga baya kuma yana cikin waɗanda aka harbe. Ko gawarsa ba ta gani ba.

Ba wanda ya jefe ta, ba wanda ya zage ta a fuska. Abin da aka yi mata shi ne shiru. Aka daina sayen tumatirinta. Sunan da ake kiranta da shi ma ya yi wa mutane nauyi a baki, ta zama “matar can”. Ni dai ban fasa gaishe ta ba, amma masu biki da suna sai su aika unguwar Gangare a aro ƙananan tukwane, su jera mini. Taronsu ne, ba ni da ta cewa a kan tukunyar da suka zaɓa.

Da shekara ta zagayo, garin ya sake yin sanyi kamar ranar da aka yi abin. Hoton marigayin yana rataye a shagunan teloli da gaban motocin haya. Dattawan layinmu suka yanke cewa za a yi saukar Alƙur'ani da safe, a yi masa addu'a, a raba sadakar abinci gida-gida. Kowa ya kawo abin da ya samu, wani shinkafa, wani manja, 'yan Katako suka aiko da itace. Liman da kansa ya ce, “Girki yana hannun Inna.” Ni ke nan.

Ana gobe sadakar na je ƙarshen layi da hantsi, kowa yana kallona. Na tarar da Maman Soja a tsakar gida tana ɗaure kaya a zannuwa. Ta rame har na ji tsoro.

Na ce, “Mama, wannan kayan fa?”

Ta ce, “Ƙauye zan koma, Inna. Bayan Lahadi.”

“Wa kike da shi a can?”

“Kabarin uwata.” Ta ɗan yi dariya. “Ko shi ya fi nan magana.”

Tukunyar tana kife a jikin bango, kaza ta yi ƙwai a gefenta. Ta ce wani maƙeri zai zo ya ɗauka ya fasa.

Na ce, “Ba zai ɗauka gobe ba. Aro na zo.”

Ta tsaya da ɗaurin, ta dube ni sosai. “Kin san sadakar wa za ku yi?”

“Na sani.”

“Kin san ɗan wa aka harbe?”

“Na sani. Ni na yi girkin ranar da ya dawo daga horo da kakinsa, a cikin tukunyar nan. Za ki ba ni ko ba za ki ba ni ba?”

Ta ce, “Ban taɓa hanawa ba. Amma ba mai ɗaukar miki.”

Gaskiya ta faɗa. Washegari da sassafe mata sun taru a filin gaban gidana, an wanke shinkafa, an yanka albasa, an jera duwatsun murhu. Na aika a kira ƙanen mijina, direba ne mai a-kori-kura, shi ya saba ɗauko mini tukunyar. Mutum ne mai baki, tsakanina da shi kullum tsokana. Ranar ya zo ba dariya a fuskarsa, domin ya riga ya ji.

Ya ce, “Matarmu, tsufa ne ya fara taɓa ki? Sadakar bawan Allah za ki dafa a tukunyar gidan da suka kashe shi?”

Na ce, “Gidan ne ya kashe shi, ko tsohuwar?”

“Ni dai hannuna ba zai taɓa ta ba. Ga tukwanen Gangare can, a kawo miki goma in kina so.”

Na ce, “Saurara in jera maka, tunda ka manta. Na farko, tuwon aurenka a cikinta na tuƙa, har ka nemi ƙari. Na biyu, sunan 'ya'yanka duka. Na uku, ranar da mahaifinku ya rasu cikin sanyin nan, ruwan da aka yi masa wanka da shi a cikinta aka ɗumama, kuma matar da kake kira matar can ita ta hura wutar. A ranar hannunka ya taɓa ta ko bai taɓa ba?”

Wata mata daga baya ta ce, “Inna, ki bari mana, rana tana yi.”

Na jawo kujerata na zauna a gaban murhu. Na ce, “Kun san tsarina. Tukunya ce farko. Ba tukunya, ba wuta. Wannan sadaka ba ta gidan wani ba ce, ta layi ce, layi kuma yana da tukunya. Wadda ta ga za ta iya, ga muciya.”

Ba wadda ta ɗauka. Ba don suna tsorona kawai ba, sun san ba mai iya dafa shinkafar layi guda ba ta caɓe ba sai ni. Daga masallaci muna jin muryar masu karatu, sun yi nisa. Shinkafa ta jiƙa a kwanduna, rana tana hawa. Ba zan ɓoye ba, na tsorata, don in aka shafa addu'a babu abinci, sunana ne zai lalace, da shi kuma nake ci. Amma na riga na zauna, kuma ban ga hanyar tashi ba sai da tukunyar.

Aka kai wa liman labari. Bai zo ba, sai ya aiko da magana gajera, cewa shi girki ya ba Inna, bai ce mata ga tukunyar da za ta ɗora ba. Ƙanen mijina ya yi tsaki, ya cire hula ya mayar, ya ce, “Wallahi yayana ya yi haƙuri da ya zauna da ke.” Ya kira wani maƙwabci suka tafi. Ko motar bai tayar ba, a hannu suka ɗauko ta, tun daga ƙarshen layi har gabana, kowa yana gani.

Na wanke ta da kaina. Itace, ruwa, wuta. Dafa-dukar ranar ta nuna daidai lokacin da aka shafa fatiha. Aka raba gida-gida, wasu suna ci suna hawaye suna tuna marigayin. Gida biyu suka mayar da kwanonsu, na ce a ba wasu, ban bi su da magana ba.

Da la'asar na bar abinci a gindin tukunya, mai yawa, har da nama. Na ce, “To, saura rakiya.” Matan suka shiga kallon ƙasa. Na yafa mayafina na bi bayan masu ɗauka ni kaɗai. Ban waiwaya ba, amma kafin in kai tsakiyar layi na fara jin ƙarar silifa a bayana. Ba duka suka zo ba. Waɗanda suka zo sun isa.

Maman Soja tana zaune a kan ƙullin kayanta. Muka yi sallama, muka yi godiya kamar yadda aka saba. Matar da ta ce in bari ita ce ta fara cewa, “Maman Soja, mun gode, Allah ya bar zumunci.” Shekara guda ke nan ba ta ji sunan a bakin kowa ba sai nawa. Ta rufe fuska da zane, muka bar ta har ta gama. Sannan ta sa hannu ta ɗanɗana shinkafar, ta ce, “Inna, har yanzu hannunki yana da nauyi a gishiri.”

Ƙanen mijina ya ce, “Faɗa mata, Mama, mu mun gaji.” Ya tambayi inda za a ajiye tukunyar, ko a bakin ƙofa don maƙeri.

Ta ce, “Mayar da ita wurinta. Ka yi hankali da ƙwan kazata.”

Lahadi ta zo ta wuce, ba ta tafi ba. Bayan 'yan makonni tata ranar ta zagayo, ranar da aka harbe ɗanta, ranar da ba a faɗa a rediyo. Ta aiko aron muciyata, na kai da kaina, na zauna da ita har 'yan cocinsu suka gama addu'arsu. Muciyar ta dawo da kwanon acca.

Abin da na koya shi ne, idan ƙasa ta yi babban rashi, kuka yana da nasa tsari. A yi wa wanda ya tafi addu'a, wannan na farko. Amma kafin a watse, a duba layi a ga ko akwai mai rai da aka binne da shiru, a je a buga masa ƙofa, ko da da sunan aron tukunya ne.