Tulun Inna a kan kabarin wani

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da ƙanena, zuwa ƙauyenmu da ke bakin ruwa kusa da Wara. An yi mana waya cewa ambaliya ta shafe maƙabarta, kuma can Innarmu take kwance. Tsorona ɗaya: kada kabarinta ya ɓace mana har abada.

Daga Koko zuwa Yelwa ramuka suka yi ta wasa da ƙugunmu. A Yelwa muka tsaya cin soyayyen kifi, wanda tsadarsa ta sa na tambayi mai sayarwa ko daga Makka aka kamo shi. Ƙanena ya cinye nasa da rabin nawa.

A wajenmu fasasshen tulu ake kifawa a kan kabari don shaida. Na Inna yana da shuɗin fenti a wuya. Muna shiga maƙabartar na hango shi a kan wani tudu, na durƙusa na yi ta addu'a har da hawaye.

Sai da na shafa, sakataren kwamitin maƙabarta, wani malamin makaranta, ya taɓa kafaɗata. "Yi haƙuri, wanga kabari ba nata na ba." Ashe da ruwa ya janye, jama'ar gari ne suka tsince tulunan cikin laka, suka kifa kowanne inda ya fi kusa, don neman lada.

Sakataren ya fito da wayarsa. Tun kafin damina kwamitin ya bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya, ya shigar da suna, layi, hoto da daidai wurin kowanne cikin wata manhaja. Ya nemo sunan Inna, muka bi shi har wani fili da ruwa ya baje sumul. Hoton ya nuna tulunta da kututturen giginya a gefe, ga kututturen nan a gabanmu. Wallahi sai a lokacin na yi numfashi sosai.

Muka tara ƙasa, muka mayar mata da tulunta. Ƙanena ya ce bawan Allahn can da na yi wa addu'a ya tsinci dami a kala.

Mun dawo gida lafiya bayan la'asar ta washegari. Abin da na koya shi ne ruwa yana tafiya da tulu, don haka a rubuta. Yanzu in na ce zan ziyarci Inna, na san inda zan durƙusa.