Kason Ruwan Ɗigo

'Yar gwaggona ce, tela, kuma ni na raɗa mata suna Ɗigo tun muna yara, ranar da na kama ta tana matse tsumman goge tebur a cikin kofi, wai kada ruwan ya tafi a banza. Sunan ya bi ta har gidan miji, mijin ya rasu ya bar ta da shi. Ita kuma Rediyo take ce mini, wai ba na mutuwa, kuma ba a yarda da labaraina.

A hawa na uku take zaune, ɗaki biyu da ɗan banɗaki, ita da Gwaggo da keken ɗinki. Duk ruwan da tsautsayi ya kai gidan nan sai ya yi bauta. Ya wanke shinkafa, ya wanke kwanuka, ya goge ƙasa, sannan a sallame shi ta banɗaki yana tafe yana Allah ya isa. Bokitai jere a jikin bango kamar masu jiran likita, kowanne da muƙaminsa, kuma in ka kuskura ka zuba na ɗauraya a cikin na goge-goge, gara ka zagi mijinta a kabari. Na taɓa yin atishawa a gidan, wallahi roba ta miƙo mini.

Wuri ɗaya ne Ɗigo ba ta rowa, jikin uwarta. Gwaggo ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Ruwanta sabo ne fil daga famfo, a ɗumama, a yi mata wanka safe da yamma, zanin gado kullum a kan igiya. Shekara da shekaru a katifa amma ko ƙurji babu a bayanta. Yaya, wan Ɗigo, mai gida da mota a can ƙarshen gari, ya sha cewa a kawo ta wurinsa. Gwaggo ta ce da rabin bakin da ya rage mata, "A hannun wannan zan mutu." Magana ta ƙare.

Sai madatsar ruwan gari ta fara ja da baya. Hukumar ruwa ta fito da sabon tsari, wai ruwa ya riƙa zagayawa, a yi amfani da shi a sake, kada a zubar. Aka bi gida gida ana ɗaura mita, aka ce za a auna kowa tsawon damina. Ni a garejin da nake gyaran babur na ji sauran zancen daga bakin wani direban hukumar: abin da gida ya sha a lokacin awon, a kansa za a yanke masa kaso, a rage wani abu, shi ke nan rabonsa na kullum.

Da baƙin mai a hannuna na hau benen nan.

"Taubashiya, buɗe famfo! Ki wanke bango, ki wanke keke, ki wanke ni ma in kina so."

Ko ɗago kai ba ta yi daga ɗinkin ba. "Rediyo, yau kuma wace tasha ka kamo?"

"Wallahi da gaske nake. Wanda ya sha da yawa shi za a ba da yawa."

"Bara ma wallahi ka ce, da ka ga kifi a tankin mota."

"Wannan daban."

"Ai kullum daban ne. Hukuma ta ce a yi tattali, kai ka ce a yi ɓarna. Wanke hannunka a robar can, ba a famfo ba."

Abin da ban gane ba sai daga baya, ita Ɗigo gani take ranarta ce ta zo. Duk rayuwarta dariya ake mata, yau ga hukuma da kanta tana faɗin abin da take faɗi tun tana 'yar firamare. Ta so mitar nan ta shaide ta. Ta jera bokitai a baranda tana tarar ruwan sama, da shi take wankin Gwaggo, da shi take komai sai sha. Mitarta ta yi barci har gizo-gizo ya yi mata gida.

Maƙwabta kuwa sun ji ƙishin-ƙishin. Mai askin da ke ƙasa ya wanke shago, ya wanke titi, ya wanke karen da ba nasa ba. Yaya ya riƙa yi wa mota wanka kamar jaririya. Ɗigo tana leƙowa daga sama tana tsaki, tana cewa za su ji kunya.

Damina ta wuce, aka raba kaso. Mitar da kanta take kullewa in rabon ranar ya ƙare. Safiyar farko Ɗigo ta tara bokitin wankan Gwaggo, bai kai wuya ba famfo ya yi tari ya yi shiru. Ta murɗa, ta bubbuga, ta busa. Sai gobe.

Na goya ta a babur muka je ofishinsu. Layi har bakin titi. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, a gajiye yake kawai.

"Hajiya, na'ura ce ta raba. Sai an sake awo baɗi."

"Ina da mara lafiya a kwance."

"Akwai tsarin marasa lafiya, amma ba a fara ba tukuna. Kafin nan ki gwada sake amfani da ruwa. Na wanke-wanke, misali, yana iya goge ƙasa."

Dariya ta kama ni har sai da mai gadi ya fitar da ni. Ita kuwa ta gyara mayafi ta fito.

Da farko maƙwabta sun taimaka, wannan ya ba da buta, wancan rabin bokiti. Da zafi ya tsananta kowa ya fara jin ƙwanƙwasa ƙofa ya yi kamar bai ji ba. Na koma jigilar jarka daga gidan Yaya, ina hawa benen nan ina kiran sunayen kakannina. Sai hukuma ta hana ɗaukar ruwa daga gida zuwa gida, wai mutane na sayar da kasonsu. Aka tare ni a hanya aka ƙwace jarkokin, har da igiyar.

Ɗigo ta daina wanka, sai dai ta jiƙa tsumma ta goga. Ta daina shan shayi. Leɓenta ya tsattsage. Na ce mata ta zama busasshen kifi, ba ta rama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Duk da haka ruwan bai isa ba. Wankan Gwaggo ya koma sau ɗaya, zanin gado ya fara shiga ruwan da ya riga ya yi wani aikin. Ɗakin ya ɗauki wari. Masu kawo ɗinki suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa, daga baya suka daina hawowa.

Rannan tana juya Gwaggo ta ga kwanciya ta ci kwankwasonta. Ma'aikaciyar jinyar da muka kira ta duba ta ce, "Wannan tsafta yake so, da ruwa mai kyau, da yawa. In ba haka ba zai kai ƙashi."

Ɗigo da kanta ta buga wa Yaya waya. Gidansa cike yake da 'ya'ya, ɗan ɗaki ɗaya ya iya ware wa Gwaggo, ya ɗauko wata mata mai kula da tsofaffi za ta riƙa kwana da ita. Ni na sauko da Gwaggo a hannu, ba ta fi nauyin tayar babur ba.

"Ina za ku kai ni?"

Na ce, "Miji muka samo miki, Gwaggo, mai mota."

Ba ta dube ni ba, 'yarta take kallo. Na raɗa wa Ɗigo ta yi mata bayanin mitar. Ta ce, "In ce mata me? Ni na jawo."

Ciwon ya fara warkewa a can, ba zan yi wa Yaya ƙarya ba. Amma duk zuwan da Ɗigo za ta yi, Gwaggo sai ta juya fuska bango. Makon jiya na kai Ɗigo, ta ɗinka wa Gwaggo sabuwar riga mai buɗaɗɗen baya don sauƙin sawa. Muna bakin ƙofar ɗakin muka ji mai kula da ita tana tambayar Gwaggo ko ta yi kewar gida.

Gwaggo ta ce, "Yarinyar ta gaji ne. Ai ta yi ƙoƙari."

Ɗigo ta tsaya da rigar a hannu. Can ta miƙa wa matar Yaya, ta ce a wanke kafin a sa mata, ta juya. Na bi ta da babur ina kira. Ta ce in tafi, da ƙafa za ta koma.