Kuɗin Kwalin Iya

Ƙamshin tarwaɗa a cikin man gyaɗa mai zafi shi ne yake mayar da ni damunar da na shiga aji uku, shekarar da canji ya yi wuya a Haɗeja. Naira biyar da naira goma suka ɓace kamar an share su. Kakata Iya Hajjo tana suyar kifi a ƙofar gidanmu, kan hanyar zuwa kogi, kullum sai ta rabu da masu saye saboda ba abin da za ta mayar musu.

Sai ta sa nake yanka mata kwalin sukari ƙanana-ƙanana. Ta jiƙa bular wanki a murfin kwalba, ta dangwala babban yatsanta: dangwale ɗaya naira biyar, biyu naira goma. Wanda ya bi ta canji sai ta miƙa masa kwali. Kafin shinkafa ta fitar da kai, Malam Buba mai injin niƙa yana karɓarsa, mai kwale-kwalen da ke ƙetarar da manoma fadama yana karɓa, har mai rake. Duk Juma'a su kawo, ta fanshe su da kuɗi. Takan ce, "Ranar da na ƙi karɓar guda ɗaya, ranar duk suka zama shara."

Ni kuwa rake nake so. Wata rana tana sallar la'asar na ɗebi ragowar kwali, na tsoma yatsana a bula, na dangwala. Da na ga mai rake ya karɓa bai ko duba ba, sai na ƙara, na sake ƙarawa. Mako biyu ina rabon rake da alewa a filin makaranta, ana bina kamar 'yar mai gari.

Ranar Juma'a Malam Buba ya zube kwalayen da suka zagayo hannunsa a tabarma, ina laɓe bayan zana. Iya ta ɗaga ɗaya ta daɗe tana kallo.

"Iya, yatsan nan naki kullum ƙanƙancewa yake yi," in ji shi, yana dariya.

"Tsufa ne, Buba, komai raguwa yake."

Ta kwance bakin zane ta biya shi tas. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ƙara ba. A kwanakin ne ta daina cin goro, wai haƙoranta ba sa ɗauka.

Yanzu ko rake za ka saya a bakin kogin, waya ake miƙo maka ka tura, kuma mai shi ba ya sakinka sai ya ga saƙo ya shigo. Bayan rasuwar Iya, Innata ta buɗe kwallarta ta tarar da ƙullin tsumma, kwalaye goma sha bakwai a ciki, dukkansu da dangwalen ɗan yatsana. A nan ta faɗa mini lafiyar haƙoran Iya ƙalau. Kuɗin goronta ne ta riƙa cike giɓin da su, ta kuma hana a taɓa ni, don kada unguwa ta ji.